Ranar da Sifana Ya Yi wa Ciki Aikin Famfo

A gidanmu mai hawa huɗu, ko ba ka ga Sifana ba za ka ji shi. Shi ne mai gyaran famfon gidan, shi ke kula da tanki da injin turo ruwa da duk wani bututu da ke cikin bango. Mu masu haya muka laƙaba masa Sifana, saboda ƙatuwar sifanar da ba ta barin ƙugunsa ko dubiyar mara lafiya za shi. Shi dai Injiniya yake kiran kansa. Idan ya zo ɗaure maka kan famfo, aikin minti biyar, sai ka sha labarin awa guda na yadda ya taɓa ceto wani otal daga ambaliya da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da kofin shayi.

Shekararsa goma sha ɗaya a ciki da falon da ke ƙasa, kusa da ɗakin inji, shi da matarsa Maman 'Yanbiyu. Ɗakin na aikin ne, wanda ke kula da gidan shi ke zama a ciki. A jikin ƙyaurensu akwai zane-zanen fensir inda suke auna tsawon 'yan matansu biyu duk shekara, tun suna tatata har suka tafi makarantar kwana. Maman 'Yanbiyu ba mai yawan magana ba ce. Duk inda ya je aiki tana biye da shi da tocila, tana haska masa ƙarƙashin kwamin wanke-wanke, jefi-jefi ta ce a hankali, “Ba wannan ba, na hagun.” Shi kuma ya ce, “Na sani, gwada ki nake yi.”

Ana nan sai wani kamfanin kula da gidaje ya aiko da takarda mai hotuna, yana neman a ba shi aikin. Aka sa ranar Asabar mu taru a tsakar gida mu kaɗa ƙuri'a, ko Sifana ko kamfani. In kamfani ya ci, ɗakin ƙasa sito zai koma. Sifana ya yi ta cika baki a bakin ƙofa cewa kamfani goma ma ba su isa ba. Amma ni da nake wucewa ta tagarsa kullum da safe na ga yadda yake zama ya zuba wa ƙyauren nan ido, shayinsa na hucewa. Tsoro yake ji, kuma ni kaina na ji tausayinsa, kafin ya yi abin da ya yi.

Ranar Litinin yana tsugune a ƙarƙashin matakala yana ɗaure wani bututu, sai ga Ciyaman yana saukowa a hankali, hannu dafe da ciki. Ciyaman shi ne shugaban masu haya, tsohon ma'aikacin gidan waya, mutumin da in ya ɗaga hannu a taro rabin gidan ke ɗagawa. Suka yi kiciɓis da Sista, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ke hawa na huɗu.

Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “Ciyaman, kwana nawa?”

Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. “Huɗu, Sista. Na shiga na zauna har na karance jarida, shiru kake ji.”

“Burodi da shayi safe da rana, ina za ka ga alheri? Harza jikinka yake nema. Ganye, wake, 'ya'yan itace, da ɗan tattaki. Sannan ka nemi irin filaks, wasu 'yan ƙwayoyi ne masu sheƙi kamar riɗi. A niƙa maka. Ƙaramin cokali ɗaya a rana, ka bi shi da ruwa kofi biyu. Bayan mako ka ƙara kaɗan. Ka ji ni da kyau, ruwan shi ne rabin maganin.”

Sai ga kan Sifana ya ɓullo daga ƙarƙashin matakala.

“Cokali ɗaya? Haba Sista! Toshiyar kwana huɗu za a tara da cokali ɗaya?”

“Kai kuma da wa? Ko an kira mai famfo ne?”

“Ai maganar toshiya kuke yi, fannina ne.” Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. “Yallaɓai, mene ne ciki? Bututu ne aka naɗe. Yana da mashiga, yana da lanƙwasa, yana da mafita. Shekara talatin ina buɗe irinsa. Idan bututu ya toshe, hoda kake zubawa da yawa, ka rufe ruwa ruf, ka bar ta ta ci dattin. In ta gama ci, sai ka saki ruwa gaba ɗaya da ƙarfi. Wanda ya zuba hoda ya bi ta da ruwa nan take, ai wanke maganinsa ya yi.”

Sista ta ce, “Hodarka narkar da datti take yi. Wannan kumbura yake yi, ya yi yauƙi. In babu ruwa, siminti ka zuba wa mutum.”

“Hanyarki kwana nawa take ɗauka?”

“Mako guda, ko biyu.”

“Tawa kwana uku. Yallaɓai, ranar Asabar za ka zauna a kujerar taro wasai, kamar sabon bututu.”

Ciyaman ya dubi Sista, ya dubi Sifana. Mutumin da ya kwana huɗu a wannan hali ba ya jin lissafin mako biyu. Ya ce, “Injiniya, kwana uku ka ce?” Ranar ce ta farko da wani a gidan ya kira shi Injiniya ba da zolaya ba, kuma daga nan kansa ya fasu.

Washegari da hantsi ya shigo da rabin buhu a kafaɗa, ya dire shi a tsakiyar falo. Maman 'Yanbiyu ta leƙa ciki, ta damƙo, ta bar ƙwayoyin suna zuba ta tsakanin yatsunta.

“Baban 'Yanbiyu, tsuntsaye za mu fara kiwo?”

“Ƙuri'a ce wannan. Ki yi tunani. Gida goma sha shida ne a benen nan. Wa ya san abin da ke cikin bututun kowane gida in ba ni ba? Na san mai cin ganye, na san wanda rabonsa da ganye tun yana goye. In na buɗe wa Ciyaman shi kaɗai, ƙuri'a ɗaya ce da 'yan rakiyarta. In na buɗe wa kowa fa? Kamfani zai iya gyara famfo, amma zai iya gyara mai famfon?”

“Sista cokali ɗaya ta ce.”

“Sista allura ta sani.”

“Ta kuma ce da ruwa.”

“Ke dai riƙe min kofin awo.”

Ta riƙe masa, kamar yadda ta saba riƙe tocila. Sai dai kafin su fita ta ɗebi kaɗan ta niƙa, ta zuba a wata 'yar kwalba ta ajiye a bayan gwangwanin sukari.

Haka suka bi mu ƙofa-ƙofa. Kowane babba kofi guda a rana, ba niƙa, ba jiƙawa, a watsa a baki a haɗiye, sannan ba ruwa har faɗuwar rana. Mu kuwa muka karɓa, don abin kyauta ne, kuma gaskiyar magana ba Ciyaman kaɗai ke karance jarida a gidan nan ba. Direba, mai tasi da ke hawa na ɗaya, ya watsa loma guda a gabansa don nuna jarumta. Nan take ya shaƙe, ya yi tari, ƙwayoyin suka fito ta hanci suka watsu a gaban rigar Sifana.

“Alama ce mai kyau,” in ji Sifana. “Ya fara neman hanya.”

Tela, wadda ke ɗinki a hawa na biyu, kuma bakinta ya fi almakashinta kaifi, ta karɓi nata ta jujjuya kofin. “Kai ka sha?”

“Ni? Ni cikina agogo ne.”

“To sha mu gani, agogo.”

Mutane sun leƙo daga ƙofofi, babu hanyar gudu. Ya ɗaga kofi ya juye, ya yi ta tauna yana zare ido, jijiyar wuyansa ta miƙe. Da ya haɗiye sai ya ce da wata siririyar murya, “Wani kofin.” Ya ƙara na biyu don Tela ta san da wa take yi.

Da yamma ya gano ana cin amanarsa. Ya ji ƙarar famfo a hawa na uku, ya ji a na biyu. Wato mutane na shan ruwa a ɓoye. Da wani mai maganin ne, haƙuri zai ba mutane, amma shi mai famfo ne. Ranar Laraba da sassafe ya shiga ɗakin inji ya murɗe babban makullin ruwan gidan, ya manna takarda a ƙofa: ANA GYARA, SAI YAMMA. Da rana ta faɗi ya saki ruwa siriri na rabin awa, ya sake murɗewa.

Kwana uku muka yi a haka. Kwanuka suka taru, yara suka tafi makaranta da shafa ruwa a fuska. Muka koma sayen ruwan gora da roƙo a maƙwabta, kowa ya bar kan famfonsa a buɗe don ya ji ranar da Allah zai kawo sauƙi. Filaks kuwa kullum da safe sai ya kawo sabon kofi. Mu ce mun gode Injiniya, mu rufe ƙofa, mu juye shi a kwamin wanke-wanke mu bi shi da ragowar ruwan shayi. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Ban san duk gidan haka ake yi ba sai daga baya.

Mutum biyu ne kawai suka bi doka sau da ƙafa: Ciyaman, da shi Sifana, wanda Tela ke tsarewa kullum sai ya sha nasa a gabanta.

Ranar Alhamis Ciyaman ya daina saka bel. Ranar Juma'a maɓallin rigarsa na tsakiya ya ɓalle ya bugi madubi. Ya aika aka kira Sifana, wanda shi ma ya hau matakalar yana tafiya a buɗe, sifanarsa ta koma rataye a kafaɗa don ƙugu ya ƙi ɗaukarta.

“Injiniya, kwana takwas ke nan yau. Da can shiru ne kawai. Yanzu shiru ne da ƙugi.”

Sifana ya durƙusa da ƙyar, ya ƙwanƙwasa cikin Ciyaman da ɗan yatsa kamar yadda yake ƙwanƙwasa tanki, ya kara kunne. “Madalla. Ƙarfi yana taruwa. Yallaɓai, ka ji wannan gurnanin? Dattin ne ke sallama.”

“Kai naka fa?”

“Nawa ai ya fi naka ci gaba.”

Bai rufe baki ba cikinsa ya ba da amsa, wata doguwar ƙara mai hawa da sauka, har kyanwar Ciyaman ta diro daga kujera ta bar ɗakin.

A bakin matakala Sista ta tare shi. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan.

“Na ga Ciyaman. Na ba shi ruwa ya ce Injiniya ya hana. Ka san mutum na iya ƙarewa a gadon asibiti a kan wannan shirmen? In gobe da rana bai samu sauƙi ba, da kaina zan kai shi. Buhun nan kuma gaban taro zan sa a kawo shi, kowa ya ga abin da aka rufe mana ruwa a kansa.”

Nan Sifana ya sha jinin jikinsa. Ya sauka ya tarar Maman 'Yanbiyu ta tafi kasuwa. Ya dubi buhu, buhu ya dube shi, ko rabi ba a ci ba. Ya ja shi zuwa tsakar gida, ya duba babu kowa, ya ɗaga murfin ƙarfen babbar magudana inda duk bututun gidan ke haɗuwa, ya zazzage shi tas, ya mayar da murfi. Mutumin da ya shekara talatin yana yi wa mata faɗa a kan zuba shinkafa a kwami, shi ya yi wannan da hannunsa.

Da matarsa ta dawo ta ce, “Ina buhun?”

“Na sallame shi.”

“Ina?”

“Inda ruwa zai tafi da shi.”

Ta ajiye kwandon cefane a hankali, ta daɗe tana kallonsa. Ta fita zuwa ɗakin inji ta ɗauko doguwar wayar buɗe bututu da takalman roba, ta jingine su a bayan ƙofa.

Asabar da ƙarfe goma aka jera kujeru a tsakar gida. Wakilin kamfani ya zo cikin farar riga da takalmi mai ƙyalli, ya rungume fayil. Ya yi bayani mai daɗi, ya ce su ba sa rufe wa mutane ruwa ba tare da sanarwa ba, aka yi ta gyaɗa kai ana hararar Sifana. Ciyaman na zaune a gaba a bakin kujera, fuskarsa ta yi toka-toka.

Da aka ba Sifana dama, ya fito da manyan jug biyu cike da ruwan ɗumi.

“Jama'a, kun sha wuya, na sani. Amma aikin injiniya ba a ganin kyansa sai ranar buɗewa. Yau ce ranar. Wancan bawan Allah takarda ya kawo muku. Ni lafiya na kawo muku, ta bango da ta ciki.”

Tela ta ce, “Ruwa muke so, ba wa'azi ba.”

“Ruwa za ki gani har ki gaji.”

Wannan ita ce gaskiya ɗaya da ya faɗa a makon nan. Ya miƙa wa Ciyaman jug ɗaya, ya ɗauki ɗaya. Suka kafa kai, kwat-kwat-kwat, kamar raƙuma, har suka ga gindin jug. Sannan ya taka zuwa ɗakin inji da ƙasaita, ya murɗe babban makulli har ƙarshe, ya kunna injin turo ruwa a kan ƙarfinsa na ƙoli.

Na faɗa muku kowa ya bar famfonsa a buɗe. Gida goma sha shida, kicin da banɗaki, duk suka kece da ruwa a lokaci guda. Muka ji shi yana gangarowa a cikin bango, shuuu, har wasu suka fara tafi. Sifana ya dawo ya harɗe hannu, baki har kunne.

“Kun ji? Haka ake...”

Sai ƙarar ta canza. Bangon ya yi wani irin gyatsa. Murfin ƙarfen da ke tsakiyar taro, daidai ƙarƙashin kujerar wakilin kamfani, ya ɗaga ya koma, ya sake ɗagawa. Wani abu ruwan ƙasa mai sheƙi ya leƙo ta gefensa, ya yi jim kamar mai neman izini, sannan ya malalo. Yauƙi ne irin na kuɓewa, mai kauri, cike da ƙwayoyi, yana tafiya a hankali ba gaggawa, kuma ba ya ƙarewa.

Direba ya sunkuya ya duba. “Kai! Wannan ai nawa ne na ranar Laraba.”

Tela ta ce, “Ƙarya kake, naka kaɗai ba zai kai haka ba. Har da nawa.”

Wakilin kamfani ya zabura zai miƙe. Takalmi mai ƙyalli ba a yi shi don wannan ba. Ƙafar dama ta yi gabas, ta hagu ta yi yamma, ya zauna daɓas, ya zame a zaune tun daga gaban Ciyaman har bakin ƙofar gida, fayil a sama kamar mai tsallake kogi. Da ya samu ya dafa bango ya miƙe, zaren yauƙi na bin hannunsa, ya ce, “Don Allah me kuke zubawa a bututunku?”

Direba ya ce, “Maganin ciki.”

Mutumin ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce zai je ya yi shawara da manyansa. Har yau suna shawarar.

Sifana kuwa ya hau kan kujera yana ɗaga sifana. “Kowa ya kwantar da hankalinsa! Ƙaramin abu ne! Amma kada wanda ya shiga banɗaki! Duk layi ɗaya ne, wanda ya ja ruwa a sama a nan zai sauka! Na haramta banɗaki a gidan nan har sai na...”

Ya tsaya. Idonsa ya fito. Ya sauke sifanar a hankali ya dafe ciki. A daidai lokacin Ciyaman ya miƙe tsaye cak, gumi na tsattsafo masa, ya ce da muryar da ba mu san shi da ita ba, “Injiniya. Ya zo.”

“Yallaɓai, nawa ma.”

Banɗaki mafi kusa da ba na gidanmu ba yana bayan shagon aski, tsallaken titi. Ban taɓa ganin tsere irin wannan ba: mutum biyu, gwiwoyi a haɗe, gajerun taku, suna zamewa suna riƙe juna. Suka tsallaka titi masu mota na danna musu oda. Sauran labarin mai askin ne ya ba mu. Ya ce Sifana ne ya riga kai wa ƙofar, har ya kama mariƙi. Ɗaki ɗaya ne. Ya waigo ya ga Ciyaman na tahowa, ya tuna ƙuri'a, ya tuna ƙyaurensa. Ya saki mariƙin, hawaye na zubo masa, ya ce, “Bismillah, Yallaɓai. Babba ne gaba.” Sannan ya yi minti ashirin yana zagaye kujerar aski a kan yatsun ƙafa, yana kiran sunayen kakanninsa.

A tsakar gida kuwa abin ya wuce dariya. Ruwa ya fara dawowa ta kwamin mutanen hawa na ɗaya, yauƙin kuma ya doshi ƙofar ɗakin ƙasa. Tela ta tattare zaninta ta hau kan benci.

“Kamfani ya gudu, to ya gudu. Amma wallahi Sifana ba zai ƙara kwana a matsayin mai kula da gidan nan ba. Kwana uku ba wanka saboda tsabar iyayi! A nemo wani, ko waye.”

Aka ce haka ne, haka ne. Ni ma na ce haka ne.

Sai injin ya mutu, ƙarar ruwa ta tsaya. Maman 'Yanbiyu ta fito daga ɗakin inji cikin takalman roba, doguwar waya a naɗe a kafaɗarta. Ta ji abin da Tela ta ce, na ga ta dubi ƙofar ɗakinta sau ɗaya. Sannan ta ce, “Direba, zagaya bayan gida, akwai wani murfi a gindin bango ƙarƙashin tagar kicin ɗinka, ka ɗaga min. Tela, a dafa ruwa a kowace tukunya, amma kada a zuba sai na ce. Hawa na huɗu su fara, sannan na uku.”

Direba ya ce, “Akwai murfi a can? Shekarata tara ban sani ba.”

“Shi ma maigidan yakan manta.”

Ta tsuguna ta zura waya tana murzawa, ta sa aka kwashe na sama-sama da shebur aka cika bokitai. Ba ta ba da labarin otal ko ɗaya ba. Bayan kamar minti arba'in magudanar ta yi wata doguwar zuƙa, abin da ya rage ya shige, ruwan zafi ya bi bayansa. Sista da ke tsaye a kanta ta ce, “Tun yaushe kika iya wannan?”

“Mai haska tocila ai yana kallo, Sista.”

Ana cikin haka Ciyaman ya dawo, yana tafe kamar wanda aka sauke wa kaya, fuskarsa ta washe. Sista ta tare shi da kofin ruwa, ta ce Allah ne ya rufa asiri, in ya sake yin irin wannan da kanta za ta zane shi. Ya karɓa ya sha ba musu. Ya dubi tsakar gida, ya dubi matar da ke naɗe waya, ya ji abin da ya faru. Sannan ya ce tunda an taru, a kaɗa ƙuri'ar. Sista ta kawo suna. Ciyaman ya ɗaga hannu, kuma a karon nan ba rabin gidan ba ne ya bi shi, har Tela ta ɗaga daga kan bencinta.

Sifana ya dawo bayan awa guda, ya rame, wandonsa na neman faɗuwa. Ya tarar ana kwashe kujeru. Ya dubi fuskokinmu bai ga amsa ba, sai ya fara abin da ya iya.

“Yallaɓai, ka ga aiki ko? Kwana uku na ce, kwana uku ne. Ya buɗe ko bai buɗe ba?”

“Ya buɗe. Na kuma ga lahira da idona kafin ya buɗe. An yi ƙuri'a, Sifana. An sauke ka.”

Sifana bai dubi kowa ba sai ƙofar ɗakinsa, inda yauƙin ya tsaya saura taku ɗaya ya taɓa zanen fensir na ƙasa. Ya ce a hankali, “Zuwa yaushe za mu kwashe kaya?”

Ciyaman ya ce, “Wannan sai ka tambayi sabuwar mai kula da gida. Ɗakin nata ne yanzu. In ta ga dama ta bar ka.”

Ya juya. Maman 'Yanbiyu na tsaye da 'yar kwalbar nan ta bayan gwangwanin sukari, da ƙaramin cokali, da kofi biyu na ruwa a kan faranti. Ta ce daga gobe da safe, cokali ɗaya, kuma a gabanta zai shanye ruwan. Ya buɗe baki zai yi bayani a kan bututu, ya dubi idonta, ya rufe. Sai kawai ya zauna a bakin ƙofar ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa na rawa. Muka yi kamar ba mu gani ba, har da Tela.

Shirun Sifana kwana biyu ya yi. Ranar Talata famfon kicin ɗina ya fara ɗiga, na aika ƙasa. Ta zo da sifana a hannu, shi yana biye da tocila. Ta shige ƙarƙashin kwami, Direba ya leƙo don kallo.

Sifana ya ce masa, “Ka ga wannan? Ni na horar da ita, shekara goma sha ɗaya, a ɓoye. Duk abin da ya faru ranar Asabar tsari ne. Ka ga kamfani ya sake dawowa? Kuma mutane ba su sani ba, a aikin injiniya riƙe fitila shi ne mafi wuya, don in ba ka san inda...”

Daga ƙarƙashin kwami muryarta ta fito. “Baban 'Yanbiyu, haska nan. Fuskar Direba ba ta ɗiga.”

Ya sauke tocilar da sauri. “Na sani,” in ji shi. “Gwada ki nake yi.”